Abin Lura: Tankin Ruwa da Zanen Jikinsa

A unguwannin da ke kan tsaunukan kudancin birnin Meksiko akwai wata shuɗiyar gangar roba da ake girkewa a jikin bango, tsakanin rufin ɗaki da tankin ruwa. Ba ta da inji, ba ta shan wuta. Bututu ya sauko daga rufi ya shiga ta kanta, wani ya fita ya nufi tanki, a gindinta kuma akwai ɗan famfo. Idan hadari ya sako, ruwan mintocin farko, wanda ya kwaso ƙura da kashin tsuntsaye da baƙin hayaƙin motoci, cikinta yake zuba. Sai ta cika sannan ruwan da ke biye, wanda ya tarar da rufi a wanke, ya zarce tanki. Tlaloque suke kiranta. Duk uwar gidan da ta taɓa hana yara tara bokiti a bakin kwano tana cewa a bari ya wanke tukuna, ta riga ta san hikimar wannan ganga. Abin da aka ƙara kawai shi ne an sa roba ta riƙa yin wannan jiran, ko da tsakar dare ruwan ya zo kowa yana barci.

Sai dai gangar tana da sharaɗi guda. Bayan kowane ruwa sai wani ya zo ya murɗa famfon gindinta, ya juye dauɗar a gindin shuka ko ya wanke tsakar gida da ita. In aka manta, ruwan gobe zai tarar da ita a cike, ya wuce da ƙazantarsa kai tsaye cikin tanki. Wannan ɗan aikin da bai fi na minti biyu ba shi ne ya sa nake ganin masu zane a bango da masu wasan kwaikwayo suna da hurumi a maganar ruwa, duk da cewa wanda ya ji haka karon farko zai ɗauka almubazzaranci ne.

Sai an san garin kafin a gane dalili. A tsakiyar tafki aka kafa birnin Meksiko. Mutanen Aztek ne suka gina Tenochtitlan a kan tsibiri cikin tafkin Texcoco a wajajen 1325, a wani kwari da duwatsu suka yi wa zobe, mita 2,240 sama da teku, ba shi da kogin da ke fitar da ruwa waje. Sun iya zama da ruwan. Suna noma a gonakin da suka tayar cikin tafkin, suna zirga-zirga da kwalekwale, sun kuma ja doguwar madatsa da ta raba ruwan daɗi da na gishiri. Da Turawan Sifaniya suka ci garin a 1521, sai suka ɗauki tafkin abokin gaba. A 1607 suka fara fasa dutse domin su zurare shi. A 1629 ambaliya ta shanye birnin, ruwa bai janye ba sai bayan shekara biyar, abin da ya ƙara musu ƙaimi. Shugaba Porfirio Díaz ya buɗe babbar magudana a 1900, aka ƙara ramukan ƙarƙashin ƙasa a 1975, aka sake buɗe wani mai tsawon kilomita 62 a 2019. Dukkansu aikinsu ɗaya ne: a haɗa ruwan sama da ruwan masai a kore su daga kwarin da gaggawa.

To mutum sama da miliyan 20 me za su sha? Mafi yawan ruwansu daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa. Ƙasar kuwa laka ce ta gindin tafki, ana zuƙe ruwanta tana lotsawa, har tsakiyar birnin ya nutse kimanin mita 10 cikin ƙarni guda. Ƙasa na lotsawa, bututu na tsagewa, ana kiyasin kusan kashi 40 cikin 100 na ruwan da aka tura yana yoyewa a hanya. Ragowar kuma daga nesa ake janyo shi: daga kwarin Lerma tun 1951, sannan daga madatsun Cutzamala tun 1982, inda injuna ke tura ruwa ya hau sama da mita 1,000 kafin ya tsallako duwatsu. Gari ke nan da ke kashe kuɗi ya kori ruwan da Allah ya saukar masa a ka, ya sake kashe wasu ya janyo na mutane.

Talaka ne ke biyan wannan bashi. A Iztapalapa, yankin da ke ɗauke da mutum kimanin miliyan 1.8, akwai unguwannin da ruwa ke zuwa musu bi da bi, wani lokaci ma ya zo da launin ƙasa. A kan tuddan Tlalpan jiran tankar ruwa ake yi, kuma yawanci mace ce ke fasa fita nema ta zauna gadi don kada motar ta zo ta wuce. A wasu lungunan Xochimilco da mota ba ta iya hawa, jakuna ne ke kai jarkoki. Waɗannan mutanen ne kuma, daga Yuni zuwa Satumba, ke kallon ruwa yana kwarara daga rufinsu yana cin titi.

Meksiko ƙasa ce da ta daɗe tana magana da jama'arta ta jikin bango. Bayan juyin juya halinsu, ministan ilimi José Vasconcelos ya fara a 1921 yana ba masu zane bangayen gine-ginen gwamnati, domin yawancin jama'a a lokacin ba su iya karatu ba. Daga nan sunayen Diego Rivera da José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros suka fito duniya. Saboda haka da aka gama aikin janyo ruwan Lerma a 1951, ba wanda ya yi mamaki da aka kira Rivera ya ƙawata wurin da ruwan ke shigowa gari, wani gini a dajin shaƙatawa na Chapultepec da ake kira Cárcamo de Dolores.

Abin da ya yi a can abin a tsaya a kalla ne. Cikin ramin tara ruwan kansa ya shiga ya yi zanen, ƙasa da bangaye huɗu, da nufin ruwa ya riƙa gudana a kansa ana hango shi ta ciki. A daɓen ya zana ƙananan halittun ruwa. A saman bakin ramin da ruwa ke ɓullowa ya zana manyan tafin hannu biyu suna miƙo shi. A gefe ga ma'aikata suna fasa dutse, suna ɗebo ruwa a hulunan kwanonsu suna shayar da masu ƙishi, ga kuma fuskokin injiniyoyin da suka tsara aikin. An rasa rayukan ma'aikata wajen haƙa ramin da ya kawo ruwan, kuma ina ganin girman mutumin da ya tuna ya sa lebura a bango ɗaya da injiniya. Ya sa wa zanen suna Ruwa, Asalin Rayuwa.

Ya yi amfani da wani sabon fenti da aka tabbatar masa ruwa ba zai ci ba. Ruwa ya ci. Kusan shekara 40 yana bi ta kai, laka da gansakuka suka rufe zanen, launi ya ɓantale, sai a farkon shekarun 1990 aka karkatar da ruwan aka shiga gyara, aka sake buɗe wurin ga masu ziyara a 2010. Yau zanen yana nan a bushe, ana shiga a kalla a fita.

Lalacewar fentin ba ita ce ta fi damuna ba. Zanen ya nuna ruwa yana zuwa daga wasu manyan hannaye, mutum nasa kawai ya tara ƙoƙo. Bai nemi komai daga mai kallo ba, bai kuma nuna abin da ke can ɗaya bakin ramin ba, inda maɓuɓɓugai da fadamun Lerma suka yi ta ƙafewa, masunta da manoman wurin suna ji suna gani. Irin wannan ƙorafi ne ya sa a 2004 matan ƙabilar Mazahua suka yi zaman dirshan a matatar ruwa ta Los Berros, riƙe da bindigogin katako, suna cewa ruwan yankinsu yana wucewa birni ta gaban ƙauyukan da ba su da famfo. Zane mai kyau ne, na gwani, amma ya koya wa mutumin birni cewa ruwa abu ne da ake kawo masa.

Shuɗiyar gangar nan daga wata hanyar ta fito. A 2009 wasu matasa, cikinsu akwai Enrique Lomnitz da Renata Fenton waɗanda suka karanci ƙirar kayan masana'antu, suka kafa ƙungiyar Isla Urbana, suka fara girka kayan tarar ruwan sama a gidajen talakawan Ajusco da ke Tlalpan. Lissafin da suka dogara da shi kowane ɗan firamare zai iya yi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 50 a wurin da ake samun milimita 700 a shekara, lita 35,000 ke nan. A cire kashi ɗaya cikin biyar na wankin rufi da fallatsa, saura lita 28,000, wato jarka mai lita 25 sama da 1,100. A kan tsaunukan kudu ruwan ma ya fi haka yawa. Bayan gangar akwai rariya mai tare ganye, da abin zuba sinadarin kilorin, da matata mai gawayi. Gidan da ya riƙe kayansa da kyau yakan yi wata biyar zuwa takwas bai nemi tanka ba. A 2019 gwamnatin birnin, lokacin Claudia Sheinbaum tana shugabarta, ta rungumi tsarin ta fara da Iztapalapa da Xochimilco, kuma cikin 'yan shekaru gidaje dubun-dubata suka samu.

Girkawa ba ta da wuya, yini guda ya isa. Riƙewa ce jan aiki. Rufin gidajen can yawanci na kankare ne shimfiɗaɗɗe, a nan ake shanya, a nan ake jibge tarkace, gidaje da yawa ma a nan suke ajiye kare. Wanda zai sha ruwan rufinsa dole ya sauke karen, ya kwashe tarkacen, ya riƙa shara. Dole ya bar ruwan farkon damina ya wuce gaba ɗaya, ya juye ganga bayan kowane ruwa, ya wanke matata, ya rufe tanki ruf don kada sauro ya yi ƙwai. Kafin duk wannan ma sai ya yarda cewa ruwan sama ruwa ne, domin mutumin da ya tashi yana ganinsa a kwata cakuɗe da na masai ba zai yi saurin dafa wa 'ya'yansa abinci da shi ba. Babu bututun da zai gyara wannan.

Shi ya sa ƙungiyar Isla Urbana ta buɗe wani reshe mai suna La Carpa Azul, wanda aikinsa shiga unguwa da wasan kwaikwayo da zane da wasannin yara a kan ruwa. A makarantu kuma, ƙarƙashin shirin Escuelas de Lluvia, ana girka tanki a kuma kafa kwamitin iyaye da malamai da ɗalibai da zai kula da shi. Tun 2010 suka hau duwatsun jihar Jalisco, wurin mutanen Wixárika da suka shahara da aikin duwatsun ado da zanen zare, suka fara daga ƙauyen La Cebolleta tare da ƙungiyar ConcentrArte, wadda ta ƙware wajen koyar da yara ta hanyar fasaha. A can mata da yara ne ke gangarawa neman ruwa a ƙananan idanun ruwa. Masu bututu suna girka tanki, masu zane suna zaune da yara a kan maganar wanke hannu da tsabtar abin sha, har wasu daga cikin mutanen yankin suka koyi girka tankunan da kansu.

Ga inda nake ganin amfanin zanen yake, kuma ba da damina ba ne. Da damina tanki ba ya bukatar mai yi masa talla, ruwan da ke cikinsa ya ishe shi shaida. Amma daga Nuwamba zuwa Mayu sama takan ɗauke, tanki ya ƙafe, kayan su koma robobi kawai a jikin bango. A waɗannan watannin ne rana ke gasa bututu ya tsage, wani ya cire guntu ya yi wani aikin da shi, kare ya koma rufi, ɗan haya ya tashi wani ya shigo bai san amfanin gangar ba, malamin da ya san kan abin a yi masa canjin makaranta. Abin da ake bukata a lokacin shi ne wani abu da zai ci gaba da magana alhali tanki ya yi shiru. Bangon da aka zana hadari da rufi da ganga da tanki, kowanne a muhallinsa, yana nan tsaye kullum a gaban mai shiga da mai fita. Wanda bai iya karatu ba zai karanta shi. Takardar bayani tana ɓata a aljihun tebur, taron wayar da kai ana mantawa da shi kafin mako ya zagayo, bango kuwa ba ya zuwa ko'ina.

Wanda ya riƙe buroshin ma yana da muhimmanci, watakila fiye da kyan zanen. Yarinyar da ta shafa shuɗin fenti a wani lungun bangon makarantarsu tana da kaso a wurin. Za ta jawo uwarta ta nuna mata, za ta ga ranar da bututu ya goce, za ta kai ƙarar yaron da ke lilo da famfo. Ba wanda ya naɗa ta mai gadi. Hannunta ne ya taɓa wurin, shi ke nan. Da an ɗauko gwani daga wani gari ya zana abin da ya fi nata kyau sau goma ya tafi, da an samu ado an rasa mai gadi.

A nan maganar ta shafe mu kai tsaye, domin daminarmu ma gajera ce, raninmu dogo. Ruwan Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram cikin wata huɗu yake zubowa, da ƙarfi, ya bi indararo ya faɗa lungu ya ci gindin katanga, bayan wata biyu kuma mai gidan yana leƙen 'yan garuwa. Sau nawa muka ga tanki a makaranta ko ɗakin shan magani, an rubuta sunan wanda ya bayar da manyan baƙaƙe har da shekara, famfonsa a karye tun bara? Wannan rubutun ma zane ne, kuma yana koyar da darasi kowace safiya: abin nan na wane ne, in ya lalace a jira shi. Alhali ba mu rasa masu hannu ba. Maginan da suka ƙawata fuskokin gidaje a Kano da Zariya da unguwar Birni ta Damagaram sun bar magada, ga masu zanen jikin manyan motoci, ga masu rubuta allunan shaguna, ga mata masu zanen ƙwarya. Da ɗayansu zai zauna da yaran makaranta su ja layuka a jikin tanki, kowane layi da adadin kwanakin da ruwan zai kai in ya sauko nan, da ya yi wa makarantar aikin da sunan mai bayarwa bai yi ba.

Akwai mai cewa fenti ba ya kashe ƙishi, kuɗin buroshi gara a ƙara tanki. Ban raina wannan magana ba, domin tana da gaskiya a wurare da yawa. Iztapalapa ɗin nan, a zamanin shugabancin Clara Brugada, an yi mata zane dubbai, har a kan rufin gidaje domin masu hawa motar igiya ta sama da aka buɗe a 2021 su riƙa gani. Unguwar ta yi kyau, mutanenta sun ji ana ganin su, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aka daɗe ana rainawa. Amma famfon da ba ya kawo ruwa bai fara kawowa saboda haka ba. Zanen da ba a ɗaura shi a jikin wani aiki ba, ado ne kawai. Akwai ma hatsarin da ya fi wannan: bango mai launi yana da daɗin ɗaukar hoto, kuma hukuma na iya fakewa da tankunan talakawa ta bar bututun da ke zubar da kashi 40 a ƙarƙashin titi. Bai dace a ce wa matar da ke Iztapalapa ta share rufi ta tattala kowane kofi ba, alhali unguwannin masu hali suna ban ruwan ciyawa. Tarar ruwan sama taimako ce ga gida, ba ta sauke wa gwamnati nauyinta. Amma duk wanda ya ƙirga kuɗin tanki ɗaya da aka bari ya mutu bayan damina biyu, ya kwatanta da kuɗin galan uku na fenti da yini biyu na mai koyar da yara, zai ga inda asarar ta fi yawa.

Shekarar 2024 ta gwada kowa. Bayan jerin shekaru na ƙarancin ruwa, madatsun Cutzamala suka sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100, aka rage ruwan da ake turo wa birnin, jaridu suka yi ta ambaton 26 ga Yuni a matsayin ranar da tsarin zai iya tsayawa. Har unguwannin da ba su taɓa sanin jiran tanka ba suka san shi. Gidajen da ke da kayan tarar ruwa ma ba su tsira ba, domin a watan Mayu tankinsu a bushe yake kamar na kowa. Bambancin ya fito ne da ruwa ya sauko a ƙarshen Yuni. Madatsun da ke can bayan duwatsu sun ɗauki watanni suna farfaɗowa kaɗan-kaɗan, sai ƙasa ta sha ta ƙoshi kafin rafuka su kai musu. Gidan da aka share rufinsa tun cikin bazara, aka liƙe bututun da ya tsage, aka wanke matata, ruwa kaɗan ya bari suka wuce sannan ya fara cika tankinsa. Maƙwabcinsa mai irin kayan, wanda ba wanda ya waiwaye su tun Nuwamba, ruwa iri ɗaya ya sauka a rufinsa, ya bi ta tsagar bututu ya gangara titi, matar gidan kuma ta ci gaba da zaman jiran mota.